Sharhi a kan Raɗa Sunayen Kiran Ƙwaya a Rumbun glibc

Kowace wayar Android da ke hannun ɗan kasuwa a Kore Mairuwa tana aiki ne bisa ƙwayar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Ƙwaya ita ce sashen da ke riƙe da ragamar na'ura. Manhaja ba ta taɓa fayil da kanta, sai ta roƙi ƙwaya, kuma wannan roƙo shi a ke nufi da kiran ƙwaya. Ita ƙwaya lamba ta sani: a kwamfutoci masu tsarin x86-64, lamba 0 karantawa ce, 1 rubutawa, 2 buɗewa. Mai raɗa wa lambobin suna shi ne rumbun ayyuka na harshen C, wato glibc na GNU, ko Bionic a wayoyin Android. Matsayinsa kamar na shamaki ne a fada.

Wasu na kushe glibc da cewa sunansa ba ya dacewa da abin da ke ƙasa. Tun 2017, in an ce open, kiran openat a ke aikawa. Haka fork kan koma clone. Wannan suka ba ta da ƙarfi, domin suna alkawari ne tsakanin rumbu da mai amfani da shi, kuma muddin aikin bai sauya ba, alkawari na nan.

Inda glibc ya cancanci suka shi ne jinkiri. Kiran gettid ya shiga Linux a 2001, amma bai sami suna a rumbun ba sai 2019. Kiran getrandom kuwa ya jira daga 2014 zuwa 2017. Masu kula da rumbun suna da hujja: sunan da aka fitar ba ya janyuwa, saboda haka gara a yi hattara. Sai dai cikin waɗannan shekaru 18 masu rubuta manhaja ba su zauna jira ba, da yawansu sun ƙirƙiri nasu gettid. Da sunan hukuma ya fito, sai ya yi karo da nasu, wasu manhajoji suka ƙi haɗuwa har aka gyara su.

A ɗaya ɓangaren akwai creat na Unix, wanda aka rubuta babu harafin e na ƙarshe. Ken Thompson da kansa ya nuna da-na-sani a kai, amma sunan ya shige cikin ƙa'idar POSIX ta 1988, kuma ya haura shekara 50 yana aiki. Ke nan gurgun suna da kowa ya sani ya fi kyakkyawan suna da ya makara.

Wannan ya shafi masu tsara yaƙi da jahilci kai tsaye, tun da a 2025 Nijar ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma littattafan koyon kwamfuta na buƙatar kalmomi. Abu na farko, kada a fassara open ko read a cikin manhaja, don sunayen yanka ne, na'ura ba ta amsa waninsu. Bayaninsu shi za a yi da Hausa. Na biyu, kalmomin bayanin, irin su ƙwaya da rumbu, a tsayar da su da wuri. In hukuma ta yi nawa, malamin Tibiri zai ƙirƙiri tasa, na Dogondutsi ma haka, kuma ranar da littafi ya iso Arewa, ɗalibi ne zai ɗauki nauyin karon.