Nauyin Jini a Finafinan Kaboyi

Masu nazarin finafinan Amurka sun saba raba finafinan kaboyi gida biyu, na magabata da na waɗanda suka zo daga baya suna warware abin da magabatan suka ƙulla, kuma galibinsu sun yi ittifaƙi a kan cewa na bayan sun fi kusa da gaskiya. Hujjarsu ba mai rauni ba ce. Wanda duk ya kalli Stagecoach, da John Ford ya fitar a 1939, wanda shi ne ya ɗaukaka sunan John Wayne, zai ga cewa mutanen Apache ba su da magana, ba su da uzuri, sai dai su ɓullo bisa dawakai suna kururuwa, a harbe su su zube, har ƙahon sojan gwamnati ya yi kuka, 'yan kallo su yi tafi. Da aka soke tsohuwar dokar tace finafinai ta Hollywood a 1968, ga kuma yaƙin Biyetnam ya raba kan jama'ar ƙasar, sai al'amari ya juya: Soldier Blue na 1970 ya nuna kisan gillar da soja suka yi wa Cheyenne, yana ishara da abin da ya auku a Sand Creek a 1864, Little Big Man kuwa, shi ma na 1970, ya mai da Custer, gwarzon littattafan makaranta, mutum mai taɓin hankali.

Amma fa sauya wa azzalumi riga bai zama adalci ba. Dances with Wolves na 1990, duk da yabon da ya sha, da harshen Lakota da aka ji a cikinsa, ya tsarkake ƙabila ɗaya ne ya ɗora mugunta a kan Pawnee, alhali kuwa wanda labarin ke kewayawa a kansa har yanzu hafsan soja ne Bature.

Ma'aunin da ni nake amfani da shi daban ne, wato yadda fim ya ɗauki ran ɗan Adam, ko da nauyi ko da sauƙi. Kuma idan aka auna da wannan, sai iyakar da aka shata tsakanin zamunnan biyu ta rushe. Ford ɗin nan dai shi ne ya yi The Searchers a 1956, inda Wayne ya fito a Ethan Edwards, mutumin da ya shafe shekaru yana neman 'yar ɗan'uwansa da Comanche suka sace, ba don ya cece ta kaɗai ba, har da niyyar kashe ta saboda ta zama tasu. Mutumin da ya tarar da gawar abokin gaba ya harbe mata idanu, domin, bisa aƙidar mutanen mamacin, ruhinsa ya rasa makoma. Ban san wani fim na waɗanda suka zo daga baya da ya tona ƙiyayyar launin fata fiye da wannan ba, ga shi kuwa a tsakiyar zamanin da ake zargi aka yi shi.

A cikin na baya, wanda ya cika ma'aunin shi ne Unforgiven na Clint Eastwood, 1992. William Munny tsohon makashi ne da ya tuba a hannun matarsa, ta rasu ta bar shi da 'ya'ya biyu da aladu marasa lafiya, ya tsufa har hawan doki na gagararsa. Talauci ne ya fitar da shi neman ladan kisa na dala dubu. Da ya harbi wani saurayi a ciki, ba a yanke hoton ba: aka bar mu muna jin yaron yana roƙon ruwa, har Munny da kansa ya ɗaga murya ya ce a ba shi, ba zai yi harbi ba. Wani yaro da ya biyo shi yana fariyar kisa kuwa, da ya kashe mutum ɗaya a makewayi, kuka ya yi, ya rabu da bindiga.

Sai dai ko wannan fim bai kuɓuta ba. A ƙarshe Munny ya koma wa giya, ya shiga mashaya cikin ruwan sama ya ɗauki fansar wani abokinsa a kan waɗanda suka kashe shi, kuma Eastwood ya tsara wurin da irin gwanintar da ke sa mai kallo murna da abin da aka shafe sa'o'i biyu ana nuna masa muninsa.