Hotunan Mutanen Nuba

A shekarar 1962 wata Bajamushiya, Leni Riefenstahl, ta tafi duwatsun Nuba na ƙasar Sudan. Ta yi ta ɗaukar hotunan mutanen wurin ba sutura, suna kokawa, jikinsu shafe da toka. A 1973 ta tara su cikin littafi, Turawa da yawa suka yaba, suka ce aikin fasaha ne.

Gwaninta kam ba a ƙwace mata ba. Ta san haske, ta san inda za ta tsaya ƙarfin ɗan kokawa ya fito sarai. Amma hotunan jiki suka nuna, suka bar mai jikin.

Mutumin Sheme in zai tsaya gaban mai hoto, babbar riga yakan sa, ya gyara hula, gama haka yake so a tuna da shi. Mutumin Nuba kuwa, a wancan zamani cikin danginsa rashin tufa al'ada ce, ba abin kunya ba. Ranar da aka kai surarsa kasuwar baƙi, ana juya ta ana kallo, ran nan ta zama tsiraici. Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.