Mai ko Fenti: Shafin Ƙarshe a Aikin Itacen Wudil

Ranar Juma'a, hankalin baƙo a kasuwar Wudil kan kara yake tafiya, wurin shanu. Amma masassaƙa ma na baje nasu: turmi da taɓarya, akushi, muciya, da 'yar kujerar nan ta mata da ake zama a kai gaban murhu. A bakin titin Kano zuwa Maiduguri kuma kafintoci na jera gadaje da durowa. Inda suka raba hanya shi ne shafin ƙarshe.

Kafinta zai goge da sanfefa ya fesa fenti mai sheƙi, don iyayen amarya ƙyalli suke nema ranar jere. Masassaƙi kuwa, in zai shafa wani abu, mai ne: na gyaɗa ko na kaɗe.

Yanayin ƙasar Kano ya fi goyon bayan masassaƙi. Itace na kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Fenti fata ce a bisa, idan itacen ya motsa sai ta tsage ta fara ɓarewa, gyaranta kuma sai an kankare duka. Mai shiga ciki yake yi, babu abin da zai ɓare. In ya dushe, a sake shafawa kawai.

Sai dai mai suna ya tara. Man gyaɗa ba ya bushewa, yana kama ƙura, in ya daɗe kuma ya yi wari. A akushi wannan ba matsala ba ce, tunda kullum ana wankewa, miya na sake shafe shi. Amma kujerar da mai farar shadda zai zauna a kai fa? Nan ake bukatar mai irin na linsid, ko na tung da asalinsa ƙasar Sin ne, waɗanda iska ke daskarar da su a cikin itacen. Ana shafa kaɗan, a jira kamar rabin sa'a, a goge duk abin da bai shige ba, a bar shi ya kwana, a maimaita sau 3 ko 4. Gaggawa ce ke sa shi danƙo. Tsumman da aka yi aikin da shi kuma a shanya shi a buɗe, don in aka dunƙule shi yana iya ɗaukar zafi ya kama da wuta. Baƙin man mota da ake shafa wa katakon rufi saboda gara, wannan ba na kayan ɗaki ba ne.

Akwai dalilin da ke sa kafinta gudun mai da ba a cika faɗa ba: mai tonon asiri gare shi. Maɗaci in ya sha mai jansa ƙara fitowa yake yi, ƙirya ta yi duhu mai kyau. Farin katako mai araha kuwa sai ya fito a yadda yake, falankin garin katako da ya cika shaguna yanzu ma kumbura yake yi in ya jiƙe, shi ya sa ake lulluɓe shi da leda mai zanen itace.