Faɗakarwa a kan Sukuwa da Cacar da Anka Ɗora Mata

Da sunan Allah nake farawa, gare shi nake neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore wa ɗan Adam dawaki, ya halatta ciniki, ya hana cin dukiyar mutane da ɓarna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwa, Allah shi datar da mu da kai, wata magana ta yawaita ga bakin samari da sashen 'yan kasuwa a nan Rara da Rabah da Wurno da Goronyo, musamman masu kai albasa da tafarnuwa Legas da masu ƙetarawa Birnin Ƙonni da Maraɗi. Suna cewa zuba kuɗi ga doki wurin sukuwa ba shi cikin cacar da anka hana. Hujjarsu biyu ce. Ta farko, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya sa an yi tseren dawaki. Ta biyu, hukuma ta ba masu wagga sana'a lasisi, suna biyan haraji, ɗan sanda ba shi kama su. Kowace daga cikin biyun akwai gaskiya cikinta, don haka ne take ruɗin mutane. To, bari mu auna su ɗaya bayan ɗaya.

Fasali na farko, a kan abin da ya inganta

Tseren dawaki halal ne, babu saɓani. Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa daga Nafi'u daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi ya sa an yi tsere tsakanin dawakin da anka horar, daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, tafiyar wajen mil shida, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙu, wajen mil guda. Horon da ake nufi shi ne a ciyar da doki har shi yi ƙiba, sannan a rage mishi harawa, a lulluɓe shi shi yi zufa har namansa shi ɗaure. Hadisin Abu Huraira da ke ga Abu Dawuda da Tirmizi kuma ya taƙaita lada ga abu uku: harbin kibiya da tseren raƙumi da tseren doki. Malamai sunka ce dalili shi ne ukun nan kayan tsaron jama'a ne, anka sa musu lada don maza su ƙware.

Mutanen wagga ƙasa sun fi kowa sanin haka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna ribaɗi a Wurno, can ya rasu a 1837, can kabarinsa yake. Kalmar ribaɗi kanta asalinta ɗaure dawaki ga bakin iyaka. Saboda haka wanda ya ce a hana sukuwa gaba ɗaya don gudun caca ya wuce wuri, ya haramta abin da Annabi ya yi umurni da shi. Zancenmu ba ga gudun doki yake ba, ga kuɗin da ake ɗorawa bisa gudun yake.

Fasali na biyu, a kan mai fitar da lada da mai ɗaukarta

Ya kai almajiri, buɗe babin ƙarshe na Risalar Ibnu Abi Zaid, ka buɗe babin musabaƙa cikin Muhtasar na Halilu, za ka tarar da sura uku. Ta farko, wani wanda ba shi cikin tseren, awa sarki ko attajiri, shi fitar da lada don wanda ya yi gaba. Wagga ta halatta, ita ce ake yi yau in anka ba mai dokin da ya ci babur ko mota ko kuɗi. Ta biyu, ɗaya daga cikin mahaya shi fitar da lada shi kaɗai. In wani ya tsere mishi, ya ɗauka. In shi ne ya yi gaba, ba ta komawa aljihunsa, sai ta tafi ga mai bi mishi ko ga waɗanda sunka halarta. Ta uku, mahaya biyu kowa shi aje nasa, wanda ya ci shi kwashe duka. Sa'idu ɗan Musayyab ya yi sassauci cikinta da sharaɗin a shigar da mahayi na uku wanda bai aje komi ba, ana ce mishi muhallili. Mashhurin mazhabar Malik ya hana, ko da muhallilin.

To, duba da kyau. Mutumin da ya sayi doki, ya ciyar da shi dawa da harawa, ya biya mai kiwonsa, ya hau da kansa, Malik bai yarda shi aje kuɗi don shi ci na abokinsa ba. Ina ga wanda ke tsaye bayan shinge, bai da doki, bai da linzami, shina cewa da maƙwabcinsa: in akawal ya riga kili, ka ba ni dubu biyar? Wanga mutum ba shi cikin sura ko ɗaya daga cikin ukun, har wadda anka yi saɓani cikinta. Babu mazhaba cikin huɗun da ta halatta mishi. In wani ya kawo maka kalmar rihani da ta zo ga wasu ruwayoyi, ka ce mishi malaman fiƙihu sun ɗauke ta ga ladar masu tsere bisa sharuɗɗan da munka ambata. Imamu Ahmad ya ruwaito hadisin da ya kasa dawaki uku, na Allah da na mutum da na Shaiɗan, anka fassara na Shaiɗan da wanda ake caca bisa gare shi.

Fasali na uku, a kan inda cacar ta fito da lissafinta

Tsarin tara kuɗin masu kallo wuri ɗaya a raba wa waɗanda sunka dace, a birnin Faris anka ƙago shi. Wani mai suna Joseph Oller ya fito da shi wajen 1867. A 1891 hukumar Faransa ta yi mishi doka, tana cire rabonta. A 1930 anka yarda a riƙa karɓar kuɗi ko ba a filin sukuwa ba, shi ne asalin abin da ake kira PMU. Daga can ya shigo ƙasashen da Faransa ta mallaka. A Nijar hukumar Lonani ke sayar da tikitinsa, dawakin kuwa a Faransa suke gudu. Falke shina zaune Maraɗi shina zaɓen lambar dokin da bai taɓa jin haniniyarsa ba. Bayan haka wayar hannu ta zo da abin da ya fi wannan muni: dawakin hoto, waɗanda ba su ci ba su sha, kwamfuta ce ke fitar da wanda ya ci, ana gama tsere ana tada wani, dare da rana. Ina horon doki, ina tsaron iyaka cikin wanga al'amari?

Ya kai ɗan kasuwa, kai ma'abucin lissafi ne, riƙe alƙalami. Mu ƙaddara mutum 100 kowa ya zuba naira 1,000, an tara 100,000. Mu ƙaddara mai shago da hukuma suna cire kashi ɗaya cikin huɗu kafin a saki dawaki. Saura 75,000, ita ake rabawa. In jama'ar nan sunka sake zuba abin da ya saura hannunsu, shi koma 56,250. Karo na uku bai kai 43,000 ba. Tsere uku kacal, fiye da rabin dukiyar ya bar hannunsu. Mai shago bai damu da dokin da ya ci ba, don rabonsa ya fita tun da fari. Ɗayan da ya ci shi ake nunawa gari duka, sauran da sunka rasa kowa shi koma gida shiru, don haka ne kunnenka ke jin labarin ci kaɗai.

In ka ce: ai mu ma muna sayen albasa lokacin da take arha mu aje cikin rudu, ko ta yi tsada ko ta ruɓe, wannan ba sa'a ba ce? Sai in ce maka: cikin cinikinka akwai kaya. Manomin fadamar Goronyo ya karɓi kuɗinsa ya ji daɗi, direba ya sami lada, ɗan dako ya ci abinci, mai miya a Legas ta sami albasa, kai kuma ka ci riba. Yana yiwuwa ku duka ku amfana rana guda. Cikin caca haka ba ta yiwuwa har abada, don kowace naira da ta shiga hannunka daga hannun wani mai baƙin ciki ta fito, ba ka ba shi komi madadinta ba. Wannan shi ne maisir da ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida sunka gwama da giya.

Fasali na huɗu, a kan lasisi

Gaskiya ne akwai wuraren da doka ta yarda da wagga sana'a. A 2005 gwamnatin tarayya ta yi dokar caca ta ƙasa, ta kafa hukumar ba da lasisi. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cikin ƙarar da jihar Legas da wasu jihohi sunka shigar, ta ce dokar nan ba ta aiki sai ga birnin tarayya, al'amarin caca na majalisar kowace jiha ne. Legas tana ba da lasisi tana karɓar haraji. Kano kuwa cikin shekarar 2024 Hisba ta bi tana rufe shagunan caca.

Ka ga ke nan halaccin lasisi shina canzawa da allon bakin hanya. Abu guda, doka ta yarda da shi Birnin Ƙonni, ta yarda da shi Legas, an hana shi Kano. Hukuncin Allah kuwa ba shi tsayawa ga shingen Illela. Ma'anar lasisi ita ce hukuma ba za ta kama ka ba, za ta kuma ɗauki rabonta. Mai sayar da giya ma shina da irinsa inda anka yarda mishi, babu almajirin da ya taɓa cewa takardar ta tsarkake kwalba.

Ga malaman da ake zuwa gare su neman sassauci, su tuna Giyasu ɗan Ibrahim. Ya shiga wurin Halifa Mahdi na Abbasiyawa ya tarar shina wasa da tantabaru, sai ya karanta hadisin lada uku ya ƙara tsuntsu cikinsa don shi faranta wa sarki rai. Mahdi ya ba shi kyauta, da ya juya baya ya shaida cewa maƙaryaci ne, ya sa anka yanka tantabarun. Har yau sunansa ake kawowa misalin mai ƙirƙirar hadisi. Wanda ya shigar da ɗan kallo cikin hukuncin mahayi, hanyar Giyasu ya bi.

Jihar Sakkwato ta ƙaddamar da shari'a tun 2000. Bayan hukuncin 2024 babu sauran mai cewa Abuja ce ta ɗaure mana hannu. Nauyin ya dawo ga majalisarmu da shugabanninmu, Allah kuma zai tambaye su. Sai dai ka sani ana rufe shago da kwaɗo, wayar da ke aljihun ɗanka ba ta da ƙofa. Nan babu mai gadi sai tsoron Allah da idon uba.

Fasali na biyar, a kan abin da caca ke yi wa tsere da zumunci

Wanda ya karanta waƙoƙin Jahiliyya ya san Dahis da Gabra'u. Ƙaisu ɗan Zuhairu na Absu da Huzaifa ɗan Badar na Zubyana sunka aje raƙuma ɗari bisa gudun doki da goɗiya. Da anka ga Dahis zai yi gaba, mutanen da anka ɓoye kan hanya sunka tare shi. Gardama ta zama kisa, kisa ya zama yaƙin da anka ce ya kai shekara arba'in tsakanin dangi biyu masu kaka ɗaya. Haka take har gobe. Duk inda kuɗin masu kallo ya hau doki, sai an sami mai sayen mahayi shi ja linzami, da mai ba doki ƙwaya, da aminai biyu da sunka daina gaisawa. Alƙur'ani ya ambaci ƙiyayya da gaba da shagala ga barin salla cikin dalilan hani. Ƙasarmu wadda 'yan bindiga sunka raunana, gonaki da yawa sunka zama kufai, ba ta da rarar dukiya ko rarar zumuncin da za ta zubar wurin caca.

Kammalawa

Mai shirya sukuwa shi nemi lada ga masu bayarwa don Allah, shi bayyana mafari da matuƙa da dawakin da za su gudu, shi kori masu karɓar kuɗi bakin fili. Mai kallo shi kalla, shi yaba wa gwani, hannunsa na aljihu. Wanda ya riga ya ci kuɗin caca shi mayar wa mai shi in ya san shi, in bai san shi ba shi fitar da su ga matalauta, ba don neman ladar sadaka ba, don shi tsarkake sauran dukiyarsa. Bashin caca ba bashi ba ne ga shari'a, ba a bin sa, ba a yin shaida a kansa. Ya tabbata ga Buhari cewa wanda ya kira abokinsa zuwa caca da baki kawai an umurce shi da yin sadaka, balle wanda ya zuba jarin da ubangidansa ya ba shi amana. Uban gida shi tambayi yaronsa lissafi kowace kasuwa, malami shi dubi abin da almajiransa manya ke yi da waya bayan lisha.

Allah shi wadata mu da halal, shi tsare mu ga haram, shi maido da aminci ga ƙasarmu, shi jiƙan iyayenmu da malamanmu da wanda ya kwafi wanga littafi da wanda ya karanta. Allah shi ne mafi sani. Tammat, da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa.