Kulle da Kwafi: Nazari a Kan Hirar Masu Kallon Tsofaffin Fina-finan Ƙagen Kimiyya a Gozaki

Gabatarwa

Wannan maƙala ta samo asali ne daga wata hira da muka sha zama a cikinta a garin Gozaki, cikin Ƙaramar Hukumar Kafur ta Jihar Katsina. Bayan kaka, idan masara da dawa sun shiga rumbu, auduga kuma ta kama hanyar Funtuwa, akan sami wata majalisa ta magidanta da ke zama da dare a ƙofar wani shagon cajin waya. Galibinsu manoma ne, sai malamin firamare guda, da direba, da wani mai gyaran rediyo. Dukkansu sun tashi ne a zamanin gidan kallo na kaset, kuma babu hirar da ta fi yi musu daɗi irin ta tsofaffin fina-finai, musamman waɗanda a nan za mu kira fina-finan ƙagen kimiyya, watau waɗanda ake gina labarinsu a kan wata na'ura ko halitta ko tafiya wadda ilmin kimiyya bai kai gare ta ba tukuna, amma ana riya cewa wata rana zai kai.

Mai yiwuwa wani daga cikin mahalarta wannan taro ya ce hirar bakin titi ba ta isa a kawo ta gaban malamai ba. Mu dai muna ganin ta isa, domin a can ne muka fara jin wata tambaya da ba mu taɓa ji a aji ba. Ga ta: me ya sa fim ɗin Turawa da aka kulle don kada a kwafe shi yake nan a kowace waya, alhali kuwa namu na Hausa, da ba a taɓa sa musu kulle ba, wasunsu ko sama ko ƙasa? Amsar da 'yan majalisar suka tsaya a kai ita ce, kwafi ne ke raya fim. Za mu yi ƙoƙarin nuna inda suka yi daidai, da kuma inda maganar tasu ta gaza.

Yadda Majalisa ke Tarken Fim

Kafin mu shiga batun kulle, ya kamata mu ɗan tsaya a kan yadda waɗannan mutane ke fahimtar abin da suke kallo, domin tarke suke yi, ko da ba su kira shi da wannan suna ba.

Fim ɗin da ya fi yawan fitowa a bakinsu shi ne Mr. India na 1987, wanda Shekhar Kapur ya shirya, Anil Kapoor da Sridevi da Amrish Puri suka fito a ciki. Jarumin ya gaji wata na'ura daga mahaifinsa wadda idan ya ɗaura ta a hannu sai ya ɓace wa gani, ba a ganinsa sai ta cikin jan haske. Ba mu taɓa jin wani ɗan majalisa ya kira wannan abu na'ura ba. Layar zana suke ce mata. Haka kuma baƙon halittar da ya sauko daga sama a cikin Koi... Mil Gaya na 2003, wanda ke samun ƙarfinsa daga hasken rana, aljani ne a wurinsu, aljanin kirki mai son yara. Mutum-mutumin The Terminator na 1984 kuwa, sun ce ɗan tauri ne da ya wuce gona da iri.

Wani zai ɗauka rashin fahimta ne ya kawo haka. Ba mu yarda ba. Mai gyaran rediyon nan ya fi yawancinmu sanin abin da ke cikin na'ura, amma shi ne ya fi kowa dagewa a kan layar zana. Hujjarsa ita ce, jigon fim ɗin ba ya rataye a kan yadda na'urar ke aiki, ya rataya ne a kan me talaka mai riƙon marayu zai yi idan ya sami ikon shiga gidan azzalumi ba a gan shi ba. Wannan kuwa tsohuwar tambaya ce a tatsuniyoyinmu. A ganinmu ya gano abin da manazarta da dama ke tsallakewa, watau cewa a yawancin irin waɗannan fina-finai kimiyyar riga ce kawai. Adabinmu na zamani ma ta wannan ƙofa ya shiga fagen, domin a cikin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, tafiyar da yaro Kilba ya yi zuwa sararin samaniya tare da Kolin Koliyo ta ɗauko zubin labaran da aljani ke ɗauke mutum ya nuna masa abin al'ajabi ya dawo da shi. Inda muke da ja da majalisar shi ne, wannan ma'auni nasu ba ya auna kowane fim. Akwai waɗanda na'urar ita ce jigon kanta, kuma irinsu ne 'yan majalisar ke cewa ba su da labari.

Tarihin Kulle a Taƙaice

Tun zamanin kaset kamfanonin fim na Amurka ke neman hanyar hana kwafi. A tsakiyar shekarun 1980 suka fara amfani da dabarar Macrovision, wadda ke cusa wata sigina a cikin kaset don ta rikita na'urar da ke ɗauka, sai hoton kwafin ya riƙa yin haske yana dushewa. Da faifan DVD ya fito a 1996, sai aka yi masa kulle iri biyu. Na farko shi ne CSS, wanda ke hargitsa abin da ke cikin faifan ta yadda sai na'urar da aka ba mabuɗi za ta iya warware shi. Na biyu shi ne raba duniya shiyya-shiyya. Amurka ce shiyya ta 1, Turai ta 2, Nijeriya kuwa ta faɗa shiyya ta 5 tare da Indiya da Rasha. Ma'anar wannan ita ce, ɗan Malumfashi da ɗan'uwansa ya aiko masa da faifai na halal daga Landan, na'urar da ke bin ƙa'ida za ta ƙi karanta masa shi. Wanda ya biya kuɗi shi kulle ya fara cizo.

Kullen CSS bai yi ƙarko ba. A 1999 wani yaro ɗan shekara 15 a ƙasar Norway, tare da wasu abokan aikinsa, suka fitar da manhajar DeCSS mai buɗe shi. An gurfanar da yaron, kotu ta wanke shi a 2003. Amma gaskiyar magana, kasuwarmu ba ta ma jira wannan ba. Abin da ya cika shagunan Funtuwa da Malumfashi shi ne faifan VCD, wanda ya fito tun 1993 ba tare da wani kulle ba, sai kuma na'urori masu araha ƙirar ƙasar Sin da ba ruwansu da shiyya. Daga baya aka koma faifai guda mai ɗauke da fina-finai barkatai, an matse su har fuskar jarumi ta zama kamar an zana ta da gawayi. Direban majalisar ya ce shi bai taɓa ganin kullen nan da ake faɗa ba, labarinsa kawai yake ji. Gaskiya ya faɗa, domin kafin faifai ya iso Gozaki an riga an ɓalle kwaɗon tun a wata ƙasa.

Abin da Aka Tsinta a Jos

Hujja mafi ƙarfi da ke goyon bayan majalisar ba su ma san da ita ba sai da muka kawo musu, kuma a ƙasarmu ta faru. Gidan talabijin na BBC ya fara nuna shirin ƙagen kimiyya mai suna Doctor Who a 1963. A wancan zamani kaset ɗin ɗaukar shiri yana da tsada, saboda haka sai a goge tsohon shiri a ɗora sabo a kai. Ta haka kashi-kashi masu yawa na shirin suka salwanta daga ma'ajiyar masu shi. Sai dai kafin a goge, an riƙa juye shirye-shiryen a kan fim mai faɗin milimita 16 ana sayar wa gidajen talabijin na ƙasashen waje, bisa sharaɗin idan sun gama nunawa su miƙa wa na gaba, ko su mayar, ko su lalata.

A watan Oktoba na 2013 aka ba da sanarwar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya tarar da gwangwanayen fim a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos. A cikinsu akwai kashi 9 da duniya ta fid da rai da su: 5 daga labarin The Enemy of the World, 4 daga The Web of Fear, dukkansu na tsakanin 1967 da 1968. Kashi na uku na The Web of Fear har yanzu ba a same shi ba, kuma fiye da kashi 90 na shirin baki ɗaya suna nan a ɓace. Abin lura a nan shi ne, da an cika sharaɗin mai haƙƙi, da an ƙone waɗannan gwangwanaye tun tuni. Irin haka ta faru da Metropolis, fim ɗin Jamus na 1927 wanda Fritz Lang ya shirya. 'Yan kasuwa sun datse shi tun farkon fitowarsa, sai a 2008 aka tsinci wani tsohon kwafi a gidan tarihin silima na birnin Buenos Aires, aka mayar masa da kimanin minti 25 da suka ɓace shekara 80.

To, ashe majalisa ta yi gaskiya ke nan? Rabin gaskiya dai. Kwafin Jos bai tsira don ya yawaita ba, domin guda ɗaya ne tak. Ya tsira ne don an ɗora shi a kan kanta a cikin ɗaki, an rufe ƙofa, aka bar shi da lakabinsa a jiki. Ko da gangan aka yi ko da mantuwa, ajiya ce ta cece shi.

Namu na Gida

A nan ne maganar ta zo kanmu. Masana'antar fim ɗin Hausa ta bidiyo, wadda akan fara lissafinta daga Turmin Danya na 1990, ta ginu ne a kan hanyoyin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano suka shimfiɗa don kwafar fina-finan Indiya da na Amurka. Brian Larkin ya yi bayanin wannan a littafinsa Signal and Noise na 2008, inda ya nuna cewa mai shirya fim yakan ba ɗan kasuwa uwar kaset, sa'an nan ya buga kwalaye ya sayar masa, ɗan kasuwa kuma ya juye fim ɗin a kan kaset ɗinsa ya sa a kwali. Watau haƙƙin mai fim yana jikin kwali ne. Kullen Bahaushe ke nan, kulle na takarda da amana, kuma ya yi aiki daidai gwargwado muddin mai saye yana son ya ga hoton jarumai a bangon abin da ya saya.

Da waya da memori suka zo, sai kwali ya rasa daraja. Masu tura fina-finai suka maye gurbin masu sayar da faifai, kasuwar faifan ta durƙushe, masu shirya fim da yawa suka koma YouTube da shirye-shirye masu dogon zango. Duk wanda ke yabon kwafi ba tare da ya dubi wannan asara ba, bai yi wa waɗanda suka zuba dukiyarsu adalci ba, kuma mun faɗa wa 'yan majalisar haka ƙarara, a gaban mai shagon da ke cin abinci da wannan sana'a.

Amma asarar da ta fi damun mu a matsayinmu na malamai ita ce ta biyu. Kaset ba kamar faifai ba ne, duk juyi ɗaya sai hoto da sauti sun ragu, kuma zafi da ƙura da damshin damina suna cin sa. Faifan da aka ƙona a shago shi ma bayansa kan ɓare cikin 'yan shekaru. Fitattu irin su Sangaya na 1999 sun sami masu ɗora su a intanet, ko da hoton ya dushe. Waɗanda ba su yi tashe ba fa? Mun sha tura ɗalibai neman wani fim na shekarun 1990 don aikin kundi, su dawo hannu rabbana, wani lokaci ma wanda ya shirya fim ɗin ya ce shi kansa ba shi da shi. An kwafi waɗannan fina-finai sau dubbai, yawan kwafin bai hana su ɓacewa ba. A wannan yanki na auduga, dattawa har gobe suna ba da labarin Baban Larai, fim ɗin majigi na shekarun 1950 mai koyar da noman zamani, amma ba mu taɓa haɗuwa da matashin da ya ce ya gan shi ba. Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976, shi ma an daɗe ana ɗaukarsa ɓatacce, sai a 2016 aka gano gwangwanayensa, cibiyar Arsenal ta birnin Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Nan ma ɗakin ajiya ne ya yi rana.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta haramta ɓalle kullen da mai haƙƙi ya sa wa aikinsa, amma kuma ta bar wa ɗakunan karatu da ma'ajiyoyin tarihi damar yin kwafi domin adanawa. Wannan dama ce ba mu ga kwalejojinmu sun ɗauka ba. Akwai ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa a Jos ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, amma Jos ba za ta bi ƙauyukan Kafur da Bakori da Ɗanja tana tambayar wa ke da tsohon kaset ba. Sassan Hausa na kwalejojin ilmi su ne ke da ɗalibai a kowane gari. Abin da ake bukata bai wuce na'urar kaset mai lafiya ba, da kwamfuta guda, da rajistar da za a rubuta sunan fim da shekararsa da wanda ya shirya shi, da kuma takardar neman izinin mai shi in yana raye.

A daren ƙarshe da muka zauna da su, mai gyaran rediyon ya shiga gida ya fito da wani buhun taki cike da kaset da faifai, waɗanda ya gada daga wani gidan kallo da aka rufe. Mun zauna muna dubawa da hasken waya. Da yawa lakabinsu ya goge, wasu zaren ya manne, wasu kuwa da alama za su yi. Ya ce matarsa ta daɗe tana neman buhun don ta zuba gyaɗa, ya roƙe ta ta ƙara masa zuwa kaka mai zuwa.