Magana Hausa ta Schön: Wace Irin Shaida Ce?

Akwai wata ɗabi'a da ta kama yawancinmu masu bincike: da zarar mun ga magana a littafi bugagge, musamman tsoho, sai mu ɗauke ta kamar yankan wuƙa. Amma bugu ba ya gyara kuskure, yana yawaita shi ne kurum. Bari mu auna littafi guda don mu gani.

A shekarar 1885 ne J. F. Schön, malamin mishan Bajamushe da ke zaune Ingila, ya buga Magana Hausa. Cikinsa har da labarin rayuwar Dorugu, yaron nan mutumin Dambanas ta ƙasar Damagaram, wanda aka kama bawa, aka kai shi Barno, sa'an nan ya bi Barth zuwa Turai a 1855. Saboda asalin Dorugu, mai bincike na iya ɗaukar littafin nan a matsayin shaidar Damagaranci na wancan zamani. A ganinmu wannan gaggawa ce.

Da fari dai, wa ya faɗa, wa ya rubuta? Dorugu ya bar gida tun yana ƙarami, ya zauna cikin Barebari, ya yi shekaru yana yawo da Turawa. Schön kuwa bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ke nan abin da ke hannunmu bakin yaro ɗaya ne, ta kunnen baƙo ɗaya.

Na biyu, rubutun kansa. Schön bai bambanta b da ɓ, ko d da ɗ, ko k da ƙ ba, bai kuma nuna karin sauti ba. A irin wannan rubutu, baki da baƙi duk ɗaya ne, haka kafa da ƙafa. Wanda ya kafa hujja kan furucin Damagaram da shi, ya yi gini bisa rairayi.

Na uku, a kula da kofi. Masu ƙamus kan ɗebo daga na gabansu, don haka ganin kalma a ƙamus uku bai zama shaidu uku ba. Mai yiwuwa shaida guda ce aka maimaita. Ko ƙamusun Bargery na 1934, wanda ya nuna karin sauti, yakan kuma faɗi yankin da kalma ta fito, a Nijeriya aka tattara shi. Rashin kalma a cikinsa bai nuna ba a faɗinta a Adar ko Gobir ba.

Ba mu ce a jefar da littafin Schön ba. A fannin ginin jimla, da kalmomin tafiya da na bauta, da abin da yaro Bahaushe ya gani a Sahara da London, da wuya a sami kamarsa. Kowane littafi da tambayar da yake iya amsawa.

Ga masu shirya littattafan yaƙi da jahilci, lamarin ya wuce gardamar malamai. Kalmar da aka tsamo daga ƙamus ba a gwada ta ba, manomi zai karanta ta bai gane ba, ya ɗora laifin a kan kansa, ya daina zuwa aji. Saboda haka kafin a kai komi maɗaba'a, a kai shi bakin tsofaffin Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, a rubuta wanda ya faɗa, da garinsa, da shekarar da aka ji.