Renon Matashin Gola: Ra'ayi daga Limawa

Duk wanda ya zauna a gidajen kallon ƙwallo na Limawa, ko ya tsaya bakin filayen da samarin Jimeta ke bugawa bayan sallar La'asar, lalle ya lura da wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, wato gaggawar ɗora yaro a raga tun bai ƙosa ba, da kuma gaggawar yar da shi ranar da ƙwallo ta fara suɓuce masa. 'Yan wasa goma sha ɗaya ne ke shiga fili, kowannensu kuwa yana kuskure ba adadi, amma kuskuren goma daga cikinsu yakan ɓace cikin guje-guje, alhali na mai tsaron gida shi kaɗai ake rubutawa a allon sakamako. Ra'ayina shi ne matashin gola da ya shiga halin tangal-tangal amana ne a hannun masu horarwa da 'yan kallo, kuma yawancin waɗanda muke cewa sun gaza, mu ne muka gaza renonsu.

Mu mutanen Adamawa ba ma bukatar nisan tafiya kafin mu sami hujja, domin abin ya auku a Garwa, maƙwabciyarmu da Kogin Binuwai ya haɗa mu da ita, lokacin gasar cin kofin Afirka a watan Janairun 2022. Najeriya ta doke Masar da Sudan da Gini-Bisau a filin Roumdé Adjia, ƙwallo ɗaya tak ta shiga ragar Maduka Okoye a wasanni biyun da ya tsaya, jama'a kuwa suna ta yabo. Sai ga ranar 23 ga wata, Youssef Msakni na Tunisiya ya dako ƙwallo daga nesa, ta taɓa hannun yaron ta wuce, aka fitar da mu da ci ɗaya da nema. Shekarunsa 22 a lokacin. Abin da ya biyo baya na zagi da barazana a Instagram da Twitter bai dace da al'ummar da ta san darajar ɗan Adam ba, kuma kaɗan ne suka tsaya tambayar yadda aka bar Msakni ya sami sararin gyara ƙafa, ko dalilin da ya sa 'yan gabanmu suka kasa cin ko ɗaya cikin minti casa'in. Bayan wata biyu, ranar 29 ga Maris, aka sa Francis Uzoho a Abuja, bugun Thomas Partey ya shige ta ƙarƙashinsa, Gana ta tafi gasar duniya, bakunan da suka ce a cire Okoye a sa Uzoho kuma suka juya kan Uzoho.

Tarihin Uzoho kansa ya isa darasi ga mai tunani. Rashin lafiyar Carl Ikeme a 2017 ce ta buɗe gurbin da aka cusa shi ciki yana ɗan shekara 19, bai ko kafu a babbar ƙungiyar Deportivo La Coruña ba, aka kai shi gasar duniya ta 2018 a Rasha a matsayin gola na ɗaya, sannan ya yi ta yawon aro daga ƙungiya zuwa ƙungiya, ya ji mummunan rauni a gwiwa a wasa da Brazil a 2019. Duk da haka, wannan da aka yanke wa hukuncin rashin iyawa a watan Maris, shi ne a watan Oktoban 2022 ya tsaya wa Omonia a Old Trafford ya hana Manchester United sakat har sai da aka shiga ƙarin lokaci kafin su ci ɗaya. Baiwar tana nan. Abin da ya rasa shi ne tadriji da sabati.

A gwada wannan da yadda Vincent Enyeama ya fara. Shi ma shekararsa 19 a gasar duniya ta 2002, amma Adegboye Onigbinde ya bar shi a benci yana kallon Ike Shorunmu a wasanni biyun farko, bai sa shi ba sai a wasa da Ingila, bayan an riga an fitar da Najeriya, wato ranar da kuskurensa ba zai jawo wa kowa hasara ba. Aka tashi babu ci, ya koma Enyimba inda yake tsayawa mako bayan mako, ya ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004, ya kuma tsare wa ƙasa raga sau 101. Malamanmu na zaure sun san wannan hikima tun da daɗewa, shi ya sa ba sa miƙa wa almajiri Risala ko Askari sai ya sauke Ahalari da Ishmawi, domin nauyin da aka ɗora kafin lokacinsa yakan karya himma ko da kwanyar tana da kyau. Har a ƙwallon Amurka ta hannu, inda mai rarraba jifa ke ɗauke da laifin ƙungiya kamar golanmu, an ga David Carr da aka jefa fili a shekararsa ta farko a 2002 ba tare da masu kare shi na kirki ba, aka kayar da shi sau 76 a kaka ɗaya, bai kuwa cika burin da aka ɗora masa ba. Aka kuma ga Patrick Mahomes da ya zauna bayan Alex Smith kusan dukan kakar 2017, ya fito a shekara mai zuwa ya zama gwarzon gasar.

Sai dai ba na cikin masu cewa zaman benci shi kaɗai magani ne, domin gola ba ya koyon fitowa kan bugun kwana daga kujera. Abin da nake kira gare shi shi ne a zaɓa masa wasannin da zai iya ɗauka, a kuma yi masa alkawarin da za a cika: koci ya kira shi gefe ya ce, wasanni kaza naka ne, ko ka yi kuskure ba zan cire ka ba. Yaron da ya san kuskure ɗaya zai mayar da shi benci yakan manne a kan layi, ya ƙi fitowa, ya riƙa dunƙule hannu yana naushin ƙwallon da ya kamata ya cafke, kuma wannan tsoron ne ke haifar da kuskuren da ake gudu. Ƙungiyar da ke fafutukar tsira, kamar halin da Adamawa United ta shiga daga hawanta gasar ƙwararru a 2019 zuwa saukarta a 2021, ba ta da sukunin irin wannan haƙuri, kuma ban ga laifinta ba. Maslaha ga irinta ita ce ta ba da matashinta aro ga ƙaramar ƙungiya inda zai tsaya kowane mako, maimakon ta ajiye shi shekara biyu yana ɗaukar jakar ƙwallaye.

Babbar illar kuwa tana can ƙasa, a filayen unguwa. Na sha tsayawa ina kallon atisaye inda ake ɓata awa guda kan 'yan tsakiya da 'yan gaba, golan yana jingine da tirke ba wanda ya kula shi, sai dab da Magariba a ce ya shiga raga, a jera ƙwallaye a yi ta dirka masa daga tazarar taku goma sha biyu, a kan ƙasa mai tsakuwa da ke saɓule fatar gwiwa da gwiwar hannu, safar hannunsa ta yage har yatsu sun leƙo. Wannan atisayen masu bugu ne, shi bai ƙaru da komai ba sai tsoron faɗuwa. Babu mai nuna masa inda zai dasa ƙafa, ko yadda zai rage wa mai bugu kusurwa, ko yadda zai ɗaga murya ya tsara 'yan bayansa, waɗanda galibi sun girme shi, tarbiyyarmu kuwa ta hana yaro daka wa babba tsawa. Sai koci ya tara su ya ce, a cikin wannan da'ira maganar gola ita ce hukunci, sannan harshensa zai saku.

Ga tsofaffin gololi nan a Yola da Jimeta, waɗanda suka taɓa tsayawa a filin Ribadu, ba a neman iliminsu. Da kowace ƙungiyar unguwa za ta roƙi ɗaya daga cikinsu ya ba golanta rabin awa sau biyu a mako, a nemi wuri mai yashi saboda koyon faɗuwa, a kuma zauna da yaron washegarin wasa a warware masa kowace ƙwallo da ta shiga cikin natsuwa, a rarrabe wadda laifinsa ce da wadda ta 'yan baya ce, da mun ga bambanci cikin 'yan shekaru. Stanley Nwabali, wanda ya tare fenareti biyu na Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin Afirka a 2024, yana da shekara 27 a lokacin, kuma sai da ya bi ta Enyimba da Lobi Stars da Katsina United kafin ƙasa ta san sunansa. Yaron da ke tsare raga yau a Limawa ko Jambutu yana ɗan shekara 17 yana da sauran shekara goma kafin ya kai wannan matsayi, in har an bar shi a raga ya kai.